Yajin Jegon Tabawa

Duk wanda ya leƙo zaurena a nan Gaya ya tarar ina aiki, magana ɗaya yake yi: Iya Hajara ta huta, inji ke yi mata sana'a. A sa leda, a danne murfi, a miƙa wa mai kaya kayansa. Kwanakin baya ma wasu 'yan mata da suka gama makaranta sun zo min da waya a hannu, wai sun ga irin injina a ciki, in faɗa musu inda ake sayarwa su buɗe nasu kafin sallah. Na ce su samu wuri su zauna. Ni ba na hana kowa neman halak, amma duk wadda za ta riƙe wa mutane abincinsu wata da watanni, gara ta ji labarin yajin Tabawa kafin ta taɓa murfin nan.

Tabawa mutuniyar Toranke ce, can ƙasar Ajingi, kuma daddawa take yi. Na santa a kasuwar Ajingi, inda mata kan yi mata caa tun kafin ta gama sauke ƙwarya. Ta zo min ne a tsakiyar damina. Mai mashin ya ajiye ta a ƙofar gida da ƙwarya biyu ɗaure cikin zane, ta daɗe dafe da bangon zaure kafin ta iya yin sallama. Matar da na sani ƙaƙƙarfa, mai ɗaga buhun kalwa ita kaɗai, ta koma riga tana yi mata yawa.

Bayan mun gaisa ta sha ruwa, sai ta ce, "Yaya Hajara, an ce injinki yana tsayar da abu yadda aka kawo shi."

Na ce, "Ba ya tsayar da komai, Tabawa. Gudu dai yake rage masa. Zuwa yaushe kike so?"

"Zuwa ranar da yarinyar nan ta Balan za ta sauka."

Sa'ade take nufi, 'yarta ta fari da aka kai aure Balan. Ba za ta kama sunanta ba, saboda kunyar 'yar fari. Yarinyar tana da juna biyu, cikin fari, bai ma fito sosai ba. Kun san yadda muke yi. In ciki ya tsufa a dawo da yarinya gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta, uwar ta yi mata wankan jego, ta dama mata kunun kanwa, ta cika ta da yaji da miyar daddawa har ta yi arba'in. Kowace uwa da nata haɗin yajin, kuma tun ranar da ta ji an samu ciki take fara tanadi.

"Asibiti sun sallame ni," in ji Tabawa, tana wasa da ƙullin zanen. "Sun ce in koma gida a ci gaba da addu'a. Ni ba yarinya ba ce, na gane. Wankan nan ba zan gan shi ba. Wanka wata za ta iya yi mata, amma ba na so ta ci yajin kasuwa. Ita kuma kada ta ji abin da asibiti suka ce, ga ta da abu a jiki."

Kafin in gaya muku abin da na tarar a cikin ƙoren nan, sai kun san abin da take roƙona, da irin shekarar da ta zo a cikinta.

Da kyandir na fara, da guntun zarto. A naɗe bakin leda a haƙoran zarton, a goga a harshen wuta, ya liƙe. Da haka na yi shekaru ina ƙulla gyaɗa da ƙuli-ƙuli da garin kuka, yatsuna duk tabon ƙuna. Leda takan rufu, amma iska tana ciki, kuma ita ce ɓarauniyar. Ita ke sa gyaɗa ta yi laushi, yaji ya yi salam, ƙwari su samu abin shaƙa su hayayyafa.

Bayan na fita takabar maigidana na tafi Kano wurin wata Hajiya, aminiyar yayata, wadda ke ɗaure wa maniyyata aikin hajji kayan miya da kilishi. Na je da girman kaina, ina ganin ai ni uwa ce a harkar leda. Sai ta miƙo min tsumma. Watanni na yi ba abin da nake yi sai goge bakin leda kafin a liƙe, domin ƙwayar barkono ɗaya in ta maƙale a layin liƙi ta isa ta buɗe wa iska hanya. In na kai hannu wajen inji sai ta ce, "Hajara, tsummanki na kiranki."

Ranar da ta yarda na tsaya a gabansa ba zan manta da ita ba. Injin akwatin ƙarfe ne, da rami a ciki inda ake kwantar da ledar gaba ɗaya, da murfi mai kauri wanda ake hango ciki ta jikinsa. Ta ɗebo ruwan randa a kofi ta ajiye a ramin, ta danne murfi. Inji ya ɗauki gurnani, allurar mita ta fara tafiya. Ina kallo ruwan nan ya soma fitar da ƙananan ƙwayoyi, can sai ya kama tafasa, tafasa ta gaske, ba wuta ba hayaƙi. Da murfin ya buɗe ta ce in sa yatsa. Na ƙi. Ta kama hannuna ta tsoma, na ji ruwa ya ma fi yadda aka ɗebo shi sanyi. Duk addu'ar da ta zo bakina sai da na karanta, ita kuwa tana ta dariya har da riƙe ciki.

"Iska ce ke danne shi," ta ce. "An ɗauke masa ita, ya tashi."

Sannan ta sa ledar wake ta ce in lura. Duk lokacin da inji ke zuƙa, leda tana kwance sako-sako, har ɗan kumbura take yi. Sai da ƙarfen zafi ya liƙe bakinta, aka saki iskar waje ta koma ramin, sannan ta haɗe da waken lokaci ɗaya ta yi tauri kamar dutse. Ashe ba inji ke matse leda ba. Iskar nan ce da muke shaƙa, wadda ba ma gani, ba ma jin nauyinta. Na zauna a kan buhu ina tunanin tun ranar da aka haife ni nake yawo da wannan kaya a ka, ban taɓa sani ba. Har gobe, in murfin nan ya yi ajiyar numfashi ya ɗaga, sai tsigar jikina ta tashi, in ce tsarki ya tabbata ga Mai iko.

Da na tashi sayen nawa, bijimin da na yi kiwo na sayar, na shiga kasuwa a Kano da jakar kayan gwaji: garin kuka, busasshen kifi, da kilishi mai kaifin baki. Masu shago sun so su haɗa ni da ƙananan nan na roba masu kyan gani, masu tsotsar iska ta bakin leda, irin wanda 'yan matan nan suka nuna min a waya. Ba na kushe su in gida ɗaya ne zai riƙa rufe ɗan abin da ba a rasa ba. Amma sai da leda mai gargada suke aiki, mai wuyar samu a nan, suna gajiya tun da hantsi, kuma da sun shaƙi gari sun gama yawo. Ni na ce a nuna min wanda mace ɗaya ba za ta iya ɗagawa ba. Na duba famfonsa in ga da mai yake aiki, da 'yar tagar da ake ganin man ta ciki. Na bi robar murfi da yatsa in ji ko da tsaga. Na sa aka liƙe leda na ɗaga ta a haske don in tabbata layi biyu yake yi, in ɗaya ya ci amana ɗaya ya riƙe. Wayar zafin da ke liƙe leda da robar murfi na canji kuwa na ce a ɗora min su a tebur in gani, ba a ce min za a kawo ba. Daga nan na sa aka yi ta rufe kayana ɗaya bayan ɗaya ba hutawa, ina dafa cikinsa in ji ko ya ɗau zafi. Mai shagon ya gaji ya ce, "Hajiya, inji kika zo saye ko surukin da za ki ba 'ya?" Na ce masa ai suruki in ya yi ba daidai ba ana kai ƙararsa wurin iyayensa. Na dawo gida na tarar ƙaramin janaretana ba ya ɗaukarsa, sai da awakina suka bi bijimin.

Kowane kaya da halinsa. Gari, ko kuka ko yaji ko kuɓewa, sai an fara zuba shi a ƙaramar leda ta ciki an naɗe baki, in ba haka ba ya tashi ya cika ramin ya shiga famfo. Kifi da kilishi sai an naɗe su a takarda mai tsabta, don ƙaya ɗaya ta isa ta huda. Abin da aka soya sai ya huce sarai. Goro ba na karɓa ko an haɗa ni da wa, domin abu ne mai rai, sai da numfashi. Wake kuwa shi ne abin mamaki: na sha rufe shi da ƙwarinsa suna yawo a ciki, in dawo bayan kwanaki in tarar sun mutu, ba a sa ƙwayar magani ko ɗaya ba. Amma akwai doka ɗaya da ta fi duka. Inji ba ya busar da abu, kuma ba ya gyara abin da ya fara lalacewa. In kika rufe abu da danshinsa, ɗaki kika gina wa ruɓa kika ja mata ƙofa. Shi ya sa in an kawo hatsi ko gyaɗa nakan zuba kaɗan a busasshiyar kwalba da gishiri in girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalba, mai kaya ya koma ya shanya, ko wane ne shi.

Wannan dokar ce ta kusa kashe min sana'a. A kakar da ta gabaci zuwan Tabawa ruwa ya ƙi ɗaukewa, aka cire gyaɗa a jiƙe, wake ya sha ruwa a gona. Mutane suka yi ta zuwa da buhuna suna so a rufe kafin kaya su lalace, ni kuma ina ta mayar da su. Aka ce na samu wuri na fara wulaƙanci. Sai ga wani baƙo ya fara bin kasuwanni da ƙaramin inji da batir, duk abin da aka miƙa masa rufewa yake yi, har dambun nama da ɗuminsa. Kafin a ankara ledoji sun kumbura a ɗakunan mutane, gyaɗa ta yi funfuna, wani gida kuma suka ci dambu aka kwashe su sai asibiti. Allah ya taƙaita ba a rasa rai ba. Baƙon ya ɓace ya bar ni da sunan. Ba wanda ya tsaya bambance injinsa da nawa, magana ɗaya ce a gari, kayan leda guba ne. Zaurena ya koma wurin hutun kajin maƙwabta. Lokaci-lokaci nakan tayar da injin ba komai a cikinsa, don kada mai ya daskare a famfo.

To, a cikin wannan hali ne Tabawa ta kwance zanen da ta ɗauro ƙorenta a gabana. Ƙwaryar farko yaji ne. Tun kafin ta ɗaga faifai na fara atishawa. Ja ne mai duhu, an tankaɗe shi lukui, citta da kanumfari da masoro kowanne ana jin sa, ba wanda ya danne wani. Na damƙa a hannu na saki, ya warwatse bai dunƙule ba. Na ce wannan ya shirya. A gabanta na raba shi ƙananan ledoji, yadda in an buɗe ɗaya za a cinye kafin ya sha iska, na rufe.

Ƙwarya ta biyu daddawa ce. Na ɗauki ɗaya na karya. Maimakon ta ce ƙas, sai ta lanƙwasa tukuna, cikinta da ɗan laushi. Na daɗe ina juya ta a hannu don ban san ta inda zan fara ba.

"Tabawa, wannan ba ta bushe ba."

"Ta bushe gwargwadon ranar da Allah ya ba mu. Yaushe rabon da a ga rana ta wuni?"

"In na rufe ta haka za ta ci gaba da nuna a ciki. Kafin kaka ledar ta kumbura, sai dai a zubar."

Sai ta ce, "Yaya, ƙarfin da na yi wannan da shi, shi ne na ƙarshe. Ba zan iya sake dafa kalwa ba."

Wallahi na ji tausayinta har cikin ƙashina, na so in rufe ido in liƙe ta tafi da farin cikinta. Amma ba ita za ta buɗe ledar ba. Na ce ta bar min in ƙarasa shanyar. Ta yarda, da sharaɗin kada hayaƙi ya taɓa ta, don daddawar da aka busar a kan murhu ba tata ba ce, kuma in an rufe a kai mata ta gani da idonta.

Ban taɓa bin rana kamar yadda na bi ta a wannan damina ba. Marka aka shiga yi, sama a rufe, yayyafi safe da yamma. Na samo fallen kwano na ɗora a kan turame a tsakar gida. Da rana ta ɗan leƙo sai in fito da gudu in baza, in rufe da tsohon gidan sauro saboda ƙuda da kaji. Da hadari ya taso in kwashe. Wata rana sai in yi ta fita da shiga har ƙafata ta kumbura. Maƙwabta suna leƙe ta katanga suna cewa rashin ciniki ya taɓa Iya Hajara, ta koma tsere da gajimare. Shi kuwa Malam Idi, mijin Tabawa, yakan kira ni a waya. Da farko cewa yake tana gaishe ni. Daga baya ya ce ta daina fitowa tsakar gida. Daga baya kuma ya ce ba ta shan komai sai ruwan kunu, kuma duk sanda ta farka tambayarta ɗaya, an rufe?

Sau da yawa na tsaya a gaban inji da leda a hannu, ina ce wa kaina ai ta kusa, ai bambancin kaɗan ne. Sai in rufe guda ɗaya don gwaji in ajiye ta inda da ɗumi. In na dawo na ga zufa ta feso a cikin ledar, in yanke in mayar kan kwano. Sai da Allah ya kawo wasu ranaku masu zafi a jere, irin waɗanda manoma ke ƙorafi a kansu, sannan na ɓalli gefen ɗaya na ji ƙas. Ledar gwaji ta wuni a ɗumi ba ɗigon zufa. Na canja man famfo, na goge bakin kowace leda har sai da ta yi ƙara a yatsana, na jera daddawar a kwance ba ɗaya a kan ɗaya ba, na yi bisimilla na danne murfi.

Washegari na hau bas zuwa Ajingi, daga nan mashin zuwa Toranke, hanya duk taɓo. Na same ta an jingina ta da matashi. Na ɗora mata ledar daddawa ɗaya a cinya. Ta latsa da yatsa, ba ta latsu ba. Ta ƙwanƙwasa. Sannan ta kai hanci ta shinshina, ta juya ta sake shinshinawa ta kowane gefe.

"Ba na jin komai," ta ce, a tsorace. "Ko hancina ne ya tafi?"

Na ce, "Hancinki lafiya lau. Ƙamshin ne bai samu hanyar fita ba. Duk yana ciki."

Ku da kuka san daddawa kun san abin da ake nufi. Abin da in an ajiye shi a ɗaki har mai wucewa ta bayan gida sai ya sani, ga shi a cinyar mai yin sa, shiru. Ta riƙe ledar da hannu biyu ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ikon Allah." Ta ce in koma da su in ajiye a wurina, don in suna gidan yarinyar za ta gani in ta zo dubiya. Kafin a fara girbin gero Allah ya yi mata rasuwa.

A adakar ƙarfe na ajiye su, a ɗakin da rana ba ta shiga, na ɗora adakar a kan bulo saboda ɓera da danshin ƙasa. Rufewa rabin aiki ne, ajiya ce sauran. Duk bayan 'yan kwanaki nakan buɗe in latsa su ɗaya-ɗaya har ta ƙarshe, in ji ko akwai wadda ta saki. Kaka ta wuce, sanyi ya shigo ya fita, suna nan daram yadda aka rufe su.

Zafi ya fara shigowa Malam Idi ya kira ya ce an sauka lafiya, an samu mace. Sa'ade ta zo goyon ciki gidan ubanta kamar yadda aka saba, ƙanwarsa Gwaggo Asabe ce ta zo yi mata wanka. Amma ya ce akwai damuwa. Tun da ta haihu a ɗakin uwarta ta kasa cin abinci, in an kai mata kwano sai ta juya fuska bango. Nono bai kawo ba, jaririya sai kuka.

Na ɗaure ledojin a zane na kama hanya. A tsakar gida Gwaggo Asabe ta tare ni, tana tsaye a bakin tukunyar ruwan wanka da ganyen darbejiya a hannu. Da ta ga abin da na kwance sai ta ɗaure fuska.

"Baiwar Allah, Yaya Idi ya gaya min, kuma na san marigayiya ce ta daka. Amma ɗanyar mai jego za ki ba kayan leda? Kin manta mutanen da aka kwasa asibiti? Abin da ya yi wata da watanni a ƙunshe? Marainiya ce, amana ce a hannuna, ba za a yi gwaji da ita ba."

Ban ga laifinta ba, da ni ce ma haka zan faɗa. Ban yi musu ba. Na zauna a kan turmi, na ciro almakashi na yanke kusurwar ledar yaji. Ledar ta ja numfashi, ta saki jiki. Na zuba a tafin hannu na lashe, na ƙara, har hawaye suka zubo min don zafi. Amma ba cin da na yi ne ya yi aikin ba. Ƙamshin ne ya tashi ya cika tsakar gidan nan, sabo, kamar yanzu aka ajiye taɓarya. Malam Idi da ke bakin zaure ya juya ya fita da sauri. Gwaggo Asabe ta saki ganyen a cikin tukunya, ta matso ta dangwala da yatsa ta kai harshe.

"Yana nan yadda take yin sa," ta ce a hankali. "Har kimbar da take soyawa kafin ta daka ana ji."

Daga cikin ɗaki muka ji murya. "Gwaggo, wa ya kawo yajin Inna?"

Na shiga. Tana zaune a bakin gado, ta rame, jaririyar a gefenta ta gaji da kuka. Na gaya mata komai. Sai ta miƙa hannu ta ɗauki ledar daddawa. Ledar ta lafe a jikin kowace ɗaya sosai, har ana ganin sawun yatsun da suka danna ta ranar da aka yi ta. Ni da na yi ta yawo da su a rana ban taɓa lura ba. Ta ɗora nata yatsun a cikin sawun, ta bi su ɗaya-ɗaya.

"Iya, sawun bai shiga ba," ta ce. "Inna in ta danna daddawa har sai ta kusa ɓulawa. Wannan da ƙyar ta taɓa." Ta ɗago ta dube ni. "Tana iya tsayuwa lokacin da ta yi wannan?"

Gwaggo Asabe ce ta amsa daga bakin ƙofa. "A zaune ta daka, na zo dubiya na gani. In ta ɗaga taɓarya kaɗan sai ta kwanta ta huta. Mun ce ta bari mu kama mata, ta ce wannan ba ta kasuwa ba ce."

Sa'ade ta rungume ledar a ƙirji ta yi kukan da aka ce ko ranar rasuwar ba ta yi irinsa ba. Muka ƙyale ta. Na ɗauka za ta ce a ajiye kada a taɓa, har na fara shirya yadda zan lallaɓa ta. Sai ta share fuska da gefen zane ta miƙo min.

"Yanka, Iya. A sa a miya."

Na yanka. Gwaggo Asabe ta daka ta a turmi, ta zuba a romon ƙaurin da ke kan wuta tun safe ba mai ci, ta barbaɗa yaji ba tausayi. Aka kawo da tuwon dawa. Muna zaune ni da Gwaggo, kowa ta kau da kai kamar ba ita muke kallo ba. Ta yi loma ɗaya ta tsaya, zufa ta karyo mata a goshi. Ta yi ta biyu. Ba ta ɗago ba sai da ta suɗe kwanon, sannan ta tura shi gaban gwaggonta.

"Da saura a tukunya?" ta ce.